Furar da ta yi wa Inna yawa

Faɗanmu da Saratu ƴar Iliya kafinta a tsakar gidana aka yi shi, nan Zango, da rana tsaka. Ta shigo da kaye, littafin rubutunta, a hammata, ta gaishe ni har ƙasa, sannan ta ce wai in riƙa yabon ɗana a gaban idonsa duk ranar da ya wuni bai sha tramol ba.

"Wane ɗan?"

"Babban, Inna. Mai kabu-kabu."

"Ke Saratu! Ɗan farin nawa? Wanda shekara talatin da huɗu ban taɓa kama sunansa ba? Abin da aka tara ku aka koya muku ke nan, rashin kunya? Ɗauki kayenki."

Ta ɗauka. A zaure ta tsaya tana share ido da bakin kallabi, tana zaton ban gani ba.

Saratu a unguwar nan ta tashi. Ƙyauren ɗakina ma ubanta ne ya yi shi. Gidansu majami'a suke zuwa ran Lahadi, amma tuwon sallarmu bai taɓa tsallake su ba, nasu na Nowel, wato Kirsimeti, bai tsallake mu ba. Ta yi lakwal, makarantar boko, ta samu aiki a ƙaramar likitar unguwa, asibitinmu, tana auna jarirai tana wanke miki. Tana da ƙane, Albarka, wanda ƙwaya ta kama. Shekara bakwai tana yi masa faɗa har muryarta ta dushe, kullum yana rantsuwa ya bari. Wata Talata jijjiga ta kama shi a kan moto, wato babur, hanyar Mirya, bai tashi ba.

Shi ya sa da aka ce ana neman waɗanda za a koya wa kula da masu shaye-shaye, ita ta fara ba da sunanta. Wata uku suna formasiyo. Ta dawo da abin da ya riƙa hana ta sukuni: ashe faɗa ba magani ba ne. An koya musu su yi tambaya, su yi shiru mutum ya ba da amsa da kansa. Su gano lokaci da wurin da sha'awar take taso masa. Lokotoro, wato dokta, ya rage masa ƙwayar sannu a hankali, kada jiki ya kayar da shi. Mutanen gida kuma su nuna jin daɗi ranar da ya yi ƙoƙari.

Ɗana ne na farko da ya faɗo hannunta. Lokacin matarsa Raliya ta kwashe yara ta koma gidansu, baffansa Garba kuma ya gama magana da wani ƙauye inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa. Saratu ta durƙusa gaban Garba ta roƙi kwana arba'in. Ya ce arba'in, ba da ɗaya ba.

Cikin sati ta gano inda matsalar take: teburin mai kafe a bakin tasha, inda ƴan moto suke jefa ƙwaya cikin kofi kafin su fara aiki. Shi da kansa ya ce zai sauya wurin tsayuwa. Sai dai ya faɗa mata wata magana: "Ko na sha ko ban sha ba, fuskar Inna ɗaya ce." Wannan ce ta kawo ta gidana, na kore ta.

Kwana uku tana juya abin. A takardunta an rubuta yabo, ba a rubuta yadda uwa za ta yabi ɗan da take jin kunyarsa ba. Ga kwanakin Garba suna tafiya. Rana ta huɗu ta dawo, babu kaye. Ta zauna ta ja faifan gerona tana taya ni tsinta.

"Inna, da yana yaro, in ya yi abin kirki me kike yi?"

"Me zan yi? In yi guɗa?"

"Ko kaɗan?"

Na ce, "Sai dai in dama fura ta yi mini yawa, in ce wani ya zo ya raba ni da ita."

Saratu ta yi dariya har tsabar gero ta zube. "To Inna, don Allah ki riƙa yin wannan kuskuren. Ranar da ya sha kuma, ki dama daidai cikinki, kada ki ce masa komai."

Damun ba wuya. Shirun ne ya kusa kashe ni.

Idonsa nake duba in ya shigo da la'asar. In garau yake, sai in yi tsaki in ce wa bango hannuna ya zarce. Ya ɗauki ƙwaryar ya juya baya ya sha. Ran ashirin da shida ya shigo ido jawur. Na dama ƴar kaɗan, na shanye abata. Ya tsaya yana kallon ƙwaryar, ya fita. Gun Saratu ya tafi da ƙafarsa.

Ta gaya mini daga baya, kamar Albarka ta gani tsaye. Faɗan ya zo mata har maƙoshi, ta haɗiye, ta ce, "Zauna. Me ya faru kafin ka sha?" Ashe fasinja ya kai Durum ya dawo, baya ya riƙe. Ta kai shi lokotoro ya duba bayan, suka shirya ya daina doguwar hanya. Garba ya ji labari ya zo da zafinsa, ta ce masa tuntuɓe yana cikin tafiyar, kuma saura kwana goma sha huɗu a alkawarinsa.

Ran arba'in Garba ya tarar da shi yana wanke moto, ido fari tas. Bai yi zancen ƙauye ba. Shi ma ya sha furar. Raliya sai bayan damina ta dawo, kuma na ba ta gaskiya. Ba na cewa ya warke. Har yanzu duk Alhamis yana zuwa likita, ni kuma ina duba ido.

Bana aka tura Saratu Damagaram Takaya ta koyar da wasu. Ta zo sallama, ta ce abin da take fara gaya musu shi ne, kafin su ce uwa ta yi yabo, su tambaya wane ɗa ne.

Na ce, "Ke dai ba ni na haife ki ba, balle in ji kunyarki. Saratu, kin iya aikinki. Da kin san wannan tun can da kin yi wa Albarka, ba ki sani ba ne, ki daina cin kanki. Zauna, yau ma ta yi mini yawa."