Juma'ar Da Na Riƙe Aljihuna

Shekarun baya ina aiki a wani shagon ɗinkin takalma a Gyadi-Gyadi. Shan inna ya taɓa min ƙafafu tun ina yaro, a keken guragu nake zuwa daga gidanmu a Tarauni. Amma takalmi aikin hannu ne, hannuwana kuwa lafiyarsu ƙalau.

Mai shagon wani Alhaji ne, mutumin kirki, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Sauran ma'aikata ranar Asabar yake biyansu, gwargwadon abin da kowa ya ɗinka. Ni kuwa sai Juma'a. In ya dawo daga masallaci yana raba wa mabarata sadaka a ƙofar shago, sai ya dunƙule wani abu ya cusa min a aljihu, ya ce, "A yi mana addu'a." Wani satin da tsoka, wani satin ko cefane ba ya isa. Ni kuma sarkin kunya, in yi ta zuba godiya kamar an ba ni kujerar Makka.

Ana haka muka daidaita da wata yarinya a Daurawa. Iyayenta suka tura kawunta bincike, kamar yadda aka saba. Bawan Allahn nan bai tashi zuwa ba sai Juma'a bayan an sauko. Ya tsaya daga tsallaken titi, ya ga abin da ya gani, ya koma ya ce musu yaron yana da hankali, amma da sadaka yake ci.

Ita ta faɗa min, tana kuka. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba.

Da Juma'a ta zagayo, Alhaji ya miƙo hannu, na riƙe aljihuna.

"Alhaji, a bar shi sai gobe, a biya ni tare da 'yan'uwana."

"Kai! Raina alherina ka yi?"

"Wallahi a'a, ranka ya daɗe. Amma takalmin da na ɗinka, kana yi wa mai saye ragi don gurgu ne ya ɗinka?"

Ya janye hannunsa.

Na ce, "To a kan wannan alherin aka hana ni mata."

Ya zauna a benci, ya daɗe yana salati. Can ya ce, "Ni a zatona taimakonka nake yi."

Washegari aka biya ni kamar kowa, ashe ma na daɗe ina asara. Da la'asar Alhaji ya saka babbar riga, ya je gidan su yarinyar da kansa, ya ce wa mahaifinta, "Ba roƙo na zo ba, shaida na kawo. Ma'aikacina ne. Ni na yi kuskure."

Yarinyar nan yau ita ce uwar 'ya'yana. Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, har yau ina kewarsa. Da mugu ne, da tun satin farko mun rabu. Amma shekara da shekaru haƙƙina na tauye a hannun mai tausayina, kuma ni ne mai cewa na gode.