Haƙoran Malam Barau Dillali

Abin da ya faru a kasuwar Gwaram bai kai minti ɗaya ba. Malam Barau, dillalin awaki daga Basirka, ya kama wani bunsuru ya ɗaga masa leɓe don mai saye ya ga haƙora, tunda da su ake gane shekaru.

"Duba nan, Alhaji, ko famfara bai gama ba!"

Bunsuru ya feso masa atishawa a fuska. Malam Barau ya zabura, sai ga nasa haƙoran, na roba, sun faɗo cikin kashin awaki. Shekara tara yana ɓoyonsu. Uwargidansa Tani kaɗai ta san ya taɓa zuwa Kano a kansu. Wani ya ɗauki bidiyon faɗowarsu a waya, ya sa a intanet.

Shi bai san an ɗauka ba. Wayarsa mai tocila ce. Abin da ya sani, dillali da baki yake ci, kuma ba a sayen dabba a hannun wanda ake yi wa dariya. Ya wanke abinsa ya mayar, ya ce gobe an manta.

Bayan mako biyu Hadi direba ya tare shi a tasha, fuska ba wasa.

"Baba Barau, yau za a nuna ka a Duniyar Waya. Wai tsofaffin masu sana'a ake karramawa."

Shiri ne na wata tashar tauraron ɗan Adam, inda ake tattaro abin da ake yayi a intanet. Malam Barau ya sa rigar Sallah, ya gayyato surukinsa daga Kiyako. Bayan la'asar aka ba su benci na gaba a gidan kallo.

Sau huɗu aka nuna. Na uku a hankali, har ana ganin haƙoran suna juyi a iska, an haɗa da kiɗa. Yarinyar da ke gabatarwa ta share hawayen dariya, ta ce masu kallo su aiko saƙo: tsakanin bunsuru da Baba, wa ya isa yanka? Gidan kallo ya ɗauka da dariya. Hadi har da faɗowa daga benci. Surukin ya nemi takalminsa.

Tun daga nan, in ya ɗaga leɓen akuya, nasa bakin ake leƙe. Ya koma yin ciniki da leɓe a rufe, yana muimui kamar mai lazimi. Makiyayan da suka shekara ashirin suna damƙa masa igiya suka koma wajen wani, suna ce masa ba komai ba ne, wallahi, sauri suke.

Har yanzu yana zuwa kasuwa. Ran nan Hadi ya ƙwala masa kira ta tagar mota:

"Baba, buɗe mu ga shekarunka!"

Malam Barau ya dafe baki da hannu, don kada haƙoran su sake faɗowa, sannan ya amsa:

"Ɗana, na buɗe bakin dabba ya fi dubu. Wadda na tarar ba haƙori, rufe mata nake yi in yi shiru."