Mutumin da Ya Ƙi Yaba Randata

Duk wanda Malam Haladu ya taɓa kai wa ziyara ya san ba ya zama sai ya buɗe randa. Zai yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya bar ka da hannu a miƙe, ya ce a yi masa iso wurin ruwan gidan. Sai ya ɗaga murfi, ya zaro 'yar tocilarsa daga aljihun dama, ya zaro batir daga na hagu, ya haɗa, ya haska, ya cire batirin ya mayar inda ya ɗauko, sannan ya dawo ya tambaye ka yaya iyali. Gidan biki haka, gidan suna haka. Har a gidan gaisuwar mutuwa na ga ya yi, mata suna danne dariya da bakin mayafi.

Ku da kuka san shi a talbijin kun san shi da Baba Buɗe-randa, duba-garin nan mai kaki da hular kwano da ke zaga gidaje a wasanmu na yammacin Laraba. Ni kuma kun san ni da Talatu, matar da randarta ba ta taɓa wankuwa ba. Shekara goma sha bakwai yana ɗaga murfin randata, ya leƙa, ya yi shiru har mai kallo ya ƙagu, sannan ya ɗago a hankali ya dube ni ya ce, "Wa ke shan wannan?" Kalma huɗu ke nan. Na ga 'yan wasa da yawa suna tsalle, suna faɗuwa, suna shafa gawayi a fuska don a yi dariya. Shi tsayawa kawai yake yi, ya faɗi kalma huɗun nan, gari ya ɗauka. Har yau ban gane yadda yake yi ba, kuma ni ce na fi kowa kusa da shi in yana yi.

Sunana na gaskiya Binta, kuma ina so kowa ya ji da kyau: ni mace ce mai tsabta. Randar gidana a unguwar Takur, in ka leƙa har fuskarka za ka gani. Amma je ka faɗa wa mutanen Jigawa. A kasuwar Jahun na taɓa miƙa hannu zan taɓa tumatir, mai tumatirin ta janye tiren ta ce in nuna da baki ta zaɓar mini. Da aka zo neman auren 'yata ta fari, dangin mijin sai da suka turo wata gwaggo ta zo wai gaisuwa, ta sha ruwa moɗa uku tana leƙen randa. Ranar na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Washegari na tare shi kafin a fara ɗauka. Na ce, "Yaya Haladu, sau ɗaya tak. A rubuta mako guda ka buɗe randar Talatu ka ce madalla. Ni ma in shiga kasuwa kamar kowa."

Ya gyara hularsa ya ce, "Binta, ranar da randar Talatu ta yi kyau, matan jihar nan za su daina wanke tasu. Yi haƙuri ki riƙe musu dattin."

Duk shekara sai na sake roƙonsa, duk shekara amsar ke nan. Marubucin wasan ma ya taɓa tausaya mini ya rubuta abin da na roƙa. Malam Haladu ya karanta takardar a tsanake, ya ce rubutu ya yi kyau, aka kunna kyamara, ya ɗaga murfi ya ce, "Wa ke shan wannan?" Na yi wata guda ba na amsa gaisuwarsa.

Kuma ba ruwan wasa yake leƙawa ba. Daraktanmu na farko ya ce a zuba ganyen shayi a randa, ya isa. Malam ya ƙi. Ya ajiye wata tsohuwar randa a bayan ɗakinsa, ruwa ya kwana biyu ya yi kore, 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki, duk ranar ɗauka ya ɗebo a jarka ya ɗaura a bayan kekensa. Darakta ya ce masa ai kyamara ba ta leƙa cikin randa. Ya ce ita ba ta leƙawa, shi yana leƙawa, kuma fuskarsa take ɗauka. To wannan yamutsa hancin da kuke tafa wa, na gaske ne. Ni da ke tsaye kusa da randar zan ba da shaida ko a gaban alƙali.

Hajiya Iya, matarsa, ta sha cewa ita ce kaɗai matar duba-gari a duniya da mijinta ke kiwon sauro. Wata rana kuwa sai ga ma'aikacin tsabta na gaske, sabon ɗauka, yana zagayen unguwa. Ya shiga bayan ɗaki, ya ɗaga murfi, ya ja da baya. Yana waiwayowa ya ga Baba Buɗe-randa ne a tsaye. Malam ya ce masa ya faɗi kalma huɗun nan mana, ai aikinsa ne. Mutumin ya sunkuyar da kai ya faɗi kalmomin can ƙasa-ƙasa. Malam ya girgiza kai.

"Ka yi sauri. Dubi ruwan tukuna. Numfasa. Sannan ka dubi mai gida. Sake."

Sau biyar ya sa shi ya sake, Hajiya Iya tana ƙirgawa daga bakin murhu. Da ya gamsu, ya ce to yanzu ya rubuta masa takardar gargaɗi, don laifin dai ya yi shi.

Kakin nan ma guda ɗaya ne tun farkon wasa har ƙarshe. An ɗinka masa sabo ya fi sau uku, ya ce duba-garin da kakinsa ke ƙyalli bai shiga gida ko ɗaya ba. Gwiwar wandon faci a kan faci. Batir kuwa in ya mutu sai ya shanya shi a rana, ya ce hutu yake so.

Da aka daina wasan mun ɗauka shi ke nan, an manta da mu. Ashe yaran zamani sun tono tsofaffin faifai sun yanka gutsure-gutsure sun zuba a waya. Sai ga jikokin waɗanda suka kalle mu suna ɗaga murfin tukunyar iyayensu suna kwaikwayonsa. Daga nan aka fara shirya taron masoya, yau a Dutse, wani watan a Jahun, a kafa rumfuna, a jera kujerun roba, a gayyato tsofaffin 'yan wasa. Sauranmu hoto ake ɗauka da mu, a gaisa, a wuce. Layinsa shi daban ne. Mutane da kayan ruwansu suke zuwa: mai tulu, mai kula, mai jarka, wani ma randa sukutum a bayan a-daidaita. Su tsaya cikin rana awa biyu don ya leƙa ya ci musu fuska a gaban jama'a. In ya faɗa, mutum ya rungume tulunsa ya tafi yana washe baki kamar an ba shi kujerar Makka.

A Dutse wata Madam Rifkatu, ma'aikaciyar ofis 'yar wajen Filato, ta kawo kula sabuwa fil. Ya haska, ya sake haskawa, ya ce tsaf, Allah ya yi albarka. Matar nan ta tsaya kamar za ta yi kuka. Ta ce, "Baba, tun ina amarya nake kallonka, na baro aiki na zo, ka ce mini tsaf?" Ya ce shi ba ya ƙarya a bakin aiki. Ta fita bayan rumfa, ta dumbuzi ƙasa ta watsa a ciki, ta koma ƙarshen layi. Da ta sake isowa ya ba ta abin da ta zo nema, har da ƙarin harara. Ni ina gefe ina cewa a raina, ga mai neman abin da nake gudu.

Yana da doka ɗaya: ba ya tashi ya bar mutum a layi. Ko masu rumfa sun fara kwance igiya, yana nan. Kuma babu tsallake. Wani babban mutum ya taɓa aikowa a ce masa yana cikin mota, a kawo Baba su gaisa. Malam ya tambayi ɗan aiken ko mai gidan nasa ya zo da randa. Aka ce a'a. Ya ce to ya samo, layi ga shi can.

Abin da ya sa na fara jin tsoronsa, tsoro na girmamawa, a Jahun ya faru. Wata tsohuwa daga wani ƙauye ta wajen Miga ta iso gabansa da ɗan tulu a ka. Jama'a sun shirya dariya. Ya haska, ya daɗe yana kallo. Sai ya cire hular kwanon, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba, ya rage murya ya tambaye ta ruwan ina ne. Ta ce na rijiyarsu ne, jikokinta uku cikinsu ya ƙi tsayawa, an ce mata duba-gari ya zo gari. Ita ba ta san wasa ba ne.

Ya ce, "Iya, ni ɗan wasa ne, ba ma'aikaci ba. Amma wannan ruwan kada a ƙara sha sai an tafasa."

Ya sa aka yi cigiya a lasifika ko akwai ma'aikacin lafiya a wurin. Mutum biyu suka fito. Bai ci gaba da layi ba sai da ya ga an sa ta a mota tare da su. Cikin ɗaruruwan tuluna, ya aka yi ya gane wannan ɗaya ba wasa ya kawo ta ba? Na tambaye shi a hanya. Ya ce kowa fuskarsa yake kallo, ita ruwan take kallo.

Bara ciwo ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ƙi fita sai kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar. Mutanen Miga kuwa sun riga sun sa ranar taro. Kowa ya ce a ba su haƙuri. Shi ya nuna kakin da ke rataye da hannunsa mai lafiya, ya yi ta nunawa har Hajiya Iya ta gaji ta sauko da shi. Ta damƙa mini amanarsa, ta ce in ya gaji in dawo mata da shi ko yana so ko ba ya so.

A irin tarukan nan akan ajiye randar Talatu a gefen teburinsa, ainihin wadda muka yi wasa da ita, shi ke zuwa da ruwanta. Wannan karon babu mai kiwon sauro. Ni na ɗauko ta, kuma hannuna ya ƙi barinta haka. Na wanke ta sau uku, na turara ta, na cika ta da ruwan gidana.

Aka zaunar da shi a kujera, kakin ya yi masa yawa. Na farko a layi ya ajiye tulu. Malam ya ɗaga murfi, ya haska, ya numfasa, ya ɗago ya dubi mutumin. Maganar ta ƙi zuwa. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don na san ba abin da ya tsana kamar a tausaya masa. Sai wata murya daga baya ta ɗauko, filin gaba ɗaya ya amsa: "Wa ke shan wannan?" Ya dube su, ya gyaɗa kai, ya yafito na biyu. Haka aka yi ta yi. Shi ya leƙa ya yi fuskar, su su faɗi maganar, kuma ba sa faɗa sai ya numfasa ya ɗago. Sau biyu na raɗa masa mu tafi, sau biyu ya haska mini tocila a ido.

Da na ƙarshe ya wuce, la'asar ta yi sanyi, na fara haɗa kaya. Sai ya buga tebur, ya nuna randata. Jama'a suka yi shewa, sun san abin da ke tafe. Na jawo ta gabansa, na tsaya inda na saba tsayawa, na sunkuyar da kai kamar yadda Talatu ke yi. Ya ɗaga murfi. Ya haska. Ya daɗe. Ya ɗago ya dube ni, fili ya ɗauka da ƙarfin da ya fi na ɗazu: "Wa ke shan wannan?"

Ya ajiye tocilar, ko batirin bai cire ba. Ya ɗauki moɗa, ya ɗebo, ruwa na zuba a kan kakin, ya kafa kai ya shanye. Sannan ya tattaro duk ƙarfin da ya rage masa ya ce, "Ni."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Mutum ɗari nawa ne a wurin, duk aka fashe da tafi, wasu suna share ido. Shekara da shekaru ina roƙo, ya bari sai da bakinsa ya rage kalma ɗaya, ya ba ni ita.

Bai kai wata biyu ba bayan nan. Randar tana ɗakina yanzu, tocilar tana wurin Hajiya Iya, ta cire mata batir kamar yadda yake so. Ya Allah, bawanka Haladu ya tsaya wa bayinka cikin rana bai taɓa tashi ya bar ɗaya a layi ba, kada ka bar shi a tsaye. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.