Layin Takalma a Sintali

Tunda ku ne za ku riƙe rumfunan zaɓe bana, bari in ba ku labarin wata Asabar da ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah. Lokacin ina koyarwa a firamare, aka ɗauke ni aikin wucin gadi, aka ba ni shugabancin wata rumfar zaɓe a can ƙarshen Sintali, inda gidaje suka fara haɗuwa da rugage. Shugaban rumfa shi ke buɗewa, shi ke rufewa, kuma in abu ya lalace wuyansa ake kamawa. Ni da mataimaka biyu ne, sai ɗan sanda guda, Kofur Bulus, wanda ko sanda mai kyau ba shi da ita.

Tun da sassafe mutane suka cika filin makarantar. Na tsaya na karanta musu ƙa'ida da Hausa, mataimakiyata ta maimaita da Fulatanci. Ƙa'idar da nake so ku riƙe ita ce wannan: idan lokacin rufewa ya yi, bayan azahar, ɗan sanda zai je ya tsaya bayan mutum na ƙarshe a layi. Duk wanda ke gabansa sai ya yi zaɓe, wanda ya zo daga baya kuwa sai haƙuri.

To, ga jama'a, ga mu, amma babu akwati, babu takardun ƙuri'a, babu na'urar tantancewa. Muna jin mutanen unguwar Turaki sun yi nisa da nasu zaɓen, mu motar da za ta kawo mana kayan shiru. Har yau ban san wanda ya riƙe motar nan ba, amma zaɓen da ya gabata ma haka aka yi wa unguwar. Ana cikin haka wasu samari suka wuce a kan babura suna ihu wai an ɗage zaɓen rumfar, kowa ya tafi gida kafin a yi rikici.

Kun san zafin Jalingo a wannan watan, ba sai na faɗa ba. Mutane suka fara janyewa, masu shanu za su shayar, mata za su ɗora tukunya. Sai dai mutanen nan suna da wata ɗabi'a da suka saba da ita a bakin famfo: ba a barin layi haka kawai, sai ka ajiye jarka ta riƙe maka wuri. Ranar babu jarka, sai kowa ya cire takalmi ƙafa ɗaya ya ajiye a gurbinsa. Wallahi kafin hantsi ya ƙare, layin takalma ya miƙe daga bakin teburina, ya zaga bishiyar mangwaro, ya fita ƙofar makaranta har bakin hanya. Silifa, takalmin roba na makiyaya, sau-ciki, har da wata ƙwarya ta wadda ta zo ba takalmi.

Na farko a layin na wata tsohuwa ne mai sayar da nono, ana ce mata Dada Hurera. Ita duka biyun ta ajiye, ta koma inuwa ta zauna, ta ƙi tafiya. Da na kai mata ruwa ta ce mini, da irin Hausarta, “Ɓingel am, ɗana, ni ya haifi uku kafin a yarda mace ya yi zaɓe a ƙasan nan. Wancan karo an hana ni. Na gaba kuma ban sani ba ko ina duniya.”

Motar ba ta iso ba sai dab da lokacin rufewa. Mutanen da ke filin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Nan take wakilin wata jam'iyya, wani mai farar shadda da tun safe yake zaune yana latsa waya, ya miƙe ya ce, “Malam, takalmi ba mutum ba ne. Lokaci na cika a rufe layi a kan waɗannan.” Har ya sa a nemo buhu a kwashe takalman.

Na kira mai kula da mazaɓarmu a waya. Ya ce, “Ka bi ƙa'ida, kada ka jawo mana magana,” ya kashe. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mai shaddar bai yi ƙarya ba, ƙa'ida mutum ta ce. Na tsaya riƙe da waya kamar wawa.

Sai na ga Dada Hurera ta dafa ƙasa ta tashi. Na ɗauka teburi za ta zo, tunda ita ce ta farko, ƙuri'arta ta riga ta tabbata. Ina! Ta juya mana baya, ta bi layin takalman nan ƙafa ba takalmi, a kan rairayin da ko akuya ba ta son takawa a wannan lokacin. Ta zaga mangwaro, ta fita ƙofa, ta je bayan silifa na ƙarshe ta tsaya, ta ɗaga katinta sama.

Na dubi Kofur Bulus, ya dube ni. Na ce, “Kofur, ga mutum na ƙarshe can.” Ya gyara hularsa, ya taka har bakin hanya ya tsaya a bayanta. Mai shadda ya yi ta masifa, na ce masa ya rubuta ƙorafi, ga sunana.

Yadda maganar ta bi gida-gida ban sani ba, na dai ji mata suna kiran juna ta kan zana. Sai ga mutane ta kowace kwana suna ɗingishi da takalmi ƙafa ɗaya, dattawa da furfura, mata da goyo, makiyaya da sandunansu. Kowa ya nemo nasa, ya zura ƙafa, ya tsaya a nan. Babu wanda ya yi wa wani gardamar wuri.

Tsoro ɗaya ya rage mini: batirin na'urar yana ta sauka, kuma in ta mutu kafin a kai kan tsohuwar nan, shi ke nan ta rasa. Na aika a ce ta zo, tsofaffi suna da damar shiga gaba. Ta ce a gaya mini in ta matsa, layin zai yanke. Da ƙyar ta yarda aka shimfiɗa mata kwali ta taka.

Takalmanta kuwa suna nan gaban teburina. Duk wanda ya zo sai ya kauce musu, ba wanda ya ture su ko da ƙafa. Rana ta yi ja sannan ta iso. Na'urar ta ƙi karɓar yatsanta, ya goge da aiki, na juya na ɗauki hoton fuskarta, sai ta karɓa. Ta dangwala, ta jefa, ta ce “Useko,” godiyarsu ta Fulatanci, sannan ta zura takalmanta ta ɗauki ƙwaryarta. Ban ji kunyar hawayen da na yi ba.

Don haka ku da za ku fita, in kun tarar da fili wayam, kada ku yi saurin cewa mutane ba su damu ba. Ku fara duba ƙasa tukuna.