Gurbin Yatsana a Ƙafar Yagana

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Ruwa ya ɗauke da hantsi, tsakar gidanmu a unguwar Malam Inna na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina gindin darbejiya ina tsintar wake, hankalina na can wajen gizagizan da ke tafiya kamar garken tumaki. Sai ga sallamar wata mata da lema, jaka a kafaɗa. Anti Rifkatu ce daga Herwagana, ƙawar Dada mahaifiyata tun suna makaranta. Karatun digiri na biyu take yi, tana bi gida-gida tana bincike a kan abincin ƙananan yara.

Ta fito da wani siririn ma'auni mai launi uku, ja da ruwan ɗorawa da kore, tana zagaya shi a dantsen kowane yaro tana rubutawa. Sannan ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarsa. Na matso na tambaye ta dalili. Ta ce, "'Yata, ki danna ki ƙirga uku. In gurbi ya zauna, ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Jiki ne ke kukan abinci." Tun daga ranar na zama mai bincike. Na yanki bayan kalanda na shafe shi da kala, na auna ƙannena, na auna taɓarya, na auna ƙafar zakara, har Dada ta laƙaba mini Likitar Kaji.

A shekarun nan gidanmu akwai baƙi. Rikici ya koro Ya Falmata daga Borno ba tare da mijinta ba, Baba ya ba ta ɗakin da muke ajiye masara. Ranar da Anti ta zo, Ya Falmata ta tafi Nasarawo da yaranta gaida 'yan'uwa, don haka ba a auna autarta Yagana ba. Yarinyar ta iso mana a rame kamar tsinke, amma a makonnin nan sai kumatunta suka ciko, ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul. Matan unguwa na ta murna, "Ruwan Gombe ya karɓe ta!" A lokacin na fara ganin murmushin Ya Falmata, tana yi wa 'yar waƙa da Kanuri a bakin murhu. Ba wanda ya lura Yagana ta daina dariya, gashinta kuma ya soma ja.

Wata la'asar muna 'yar carafke, na ɗora Yagana a cinyata, cikin wasa na danna ƙafarta na ƙirga uku. Na ɗaga yatsa, gurbin na nan, ɗan ƙaramin tafki. Na jira ya cike, bai cike ba. Na dubi Ya Falmata tana shanya tana 'yar waƙarta, na ji kamar ni zan ƙwace mata abu ɗaya tak da ya rage mata. Na lallaɓa kicin na raɗa wa Dada. Ta ce, "Ke Adama, rufe min baki! Kada ki yi wa 'yar mutane mugun fata." Ban saki zanenta ba sai da ta zo ta danna da kanta. Ta daɗe tana kallon gurbin, sannan ta ce in miƙo mata waya da mayafi.

A keke napep Dada da Ya Falmata suka kai Yagana asibiti, Anti Rifkatu na jiransu a ƙofa. Da kumburin ya sace, Yagana ta koma tsinkenta, Ya Falmata ta yi ta kuka wai an zuƙe mata 'ya. Anti ta zauna kusa da ita a kan tabarma kwana da kwanaki tana lallashi, har naman gaskiya ya fara fitowa. Ranar da suka dawo, Yagana ta ga zakara ta ƙyalƙyale da dariya, tsakar gida ta ɗauki guɗa.

Yanzu ni ma ina jami'a, na kama hanyar Anti. Yaran da nake nazari a kansu layuka ne a kwamfuta, ba fuska, ba waƙar uwa. An sare darbejiyar an yi ɗaki a wurin, su Yagana sun koma gida, na ji har ta shiga sakandare. Wani lokaci ina tsakiyar aiki sai in tsinci kaina ina kallon babban yatsana, ina ƙirga uku a zuci. Duk karatun da na yi, daga wannan ɗan gurbin ya tsiro.