Huji a Sifikar Milutin

Mijina Gvozden bai iya zama ba. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa ganin ya cinye abinci a zama ɗaya ba. Zai yi loma biyu, ya tashi ya leƙa taga, ya dawo, ya tuna akwai rediyon wani da ya bari a buɗe. Shagonsa na gyaran rediyo da talabijin yana ƙasan benenmu, a titin da ya gangara kogin Morava, kuma abu biyu garin nan ya san shi da su. Na farko, aikin da ya fita daga hannunsa ba ya dawowa. Na biyu, in kana so a ɓata maka safiya, ka shiga shagon ka yabi Dimnyak.

Dimnyak su ne makaɗan rok huɗu da garinmu ya haifa, kuma ban da su da masana'antar tayar da aka rufe, ba mu da abin nunawa. Faifansu na farko ya fito a 1978. Samarin ƙasar nan kaf suka haukace a kan ƙarar jitar Milutin, wata ƙara mai gurnani kamar an rufe ƙudan zuma a garwa. Duk ƙungiyoyin da suka biyo baya ita suka yi ta kwaikwayo. Har yau 'yan jarida suna rubuta cewa daga wannan faifan kiɗanmu ya canza hanya.

"Ya canza hanya ya faɗa kwata," in ji Gvozden, kansa a cikin bayan talabijin ɗin wani. "Ƙarti huɗu, waƙa ɗaya suka iya, suka yi ta canza mata riga. Zuzuta su kawai ake yi."

Mutane suna cewa hassada ce. Ni kaɗai na san inda abin ya samo asali.

Milutin kum ɗinmu ne. Shi ya tsaya mana a coci ranar aure, shi ya raɗa wa 'yarmu suna, kuma a wajenmu kum ya fi ɗan'uwan jini nauyi. Shi ma kum yake kiran mijina. Ana gobe auren ya kawo amfilifayarsa, akwatin ƙara sautin jitarsa, shago, wai tana yanke sauti, ga shi ranar Litinin za su Belgrade naɗar faifai. Gvozden ango ne, rabin hankalinsa a kan wayoyin amfilifayar, rabi a kan takalmin da bai karɓo ba. Ya juya da sauri, sukudireba ta suɓuce ta huda takardar sifikar. A lokacin sabuwar sifika sai an jira ta wata biyu. Ya rugo gidanmu yana haki, ya ja ni bayan ƙofa, ya ce in ba shi jan farcena. Ya liƙe hujin da takardar naɗa taba, ya shafe da jan farcen amarya, ya mayar da murfi, ya ja bakinsa ya tsuke. Gurnanin da duk ƙasa ta haukace a kai, wannan facin ne yake karkarwa.

Da farko kunya ce ta rufe masa baki. Sai a 1989 muna cin abincin rana, Milutin ya bayyana a talabijin, aka tambaye shi sirrin wannan sauti. Ya lumshe ido ya ce, "Shekara biyu ina neman sa a cikin raina kafin in same shi."

Gvozden ya kashe talabijin ɗin, ya sauka shago bai gama miyarsa ba. Tun ranar ya daina gaida kum. In ya hango shi a kasuwa sai ya tsallaka titi. Gaskiyar ta tsaya masa a wuya: in ya faɗa, gari zai ji cewa ya taɓa mayar wa mutum kaya da faci a ɓoye, haɗiyewa kuma ta gagara. Haka ya yi ta yawo da ita shekara talatin. Ni kuwa, Allah ya gani, ina son waƙoƙin. In ya sauka shago nakan sa su a kicin, in rage murya.

Bara cikin watan Mayu muka yi slava, ranar waliyyin gidanmu. A ranar ba a korar kowa, mai gida kuma ba ya zama muddin kyandir yana ci. Wannan ce kaɗai al'adar da aka ɗinka daidai jikin mijina. Da tsakar rana, falo cike da dangi, sai ga Milutin a bakin ƙofa, ya jawo amfilifayar tun daga ƙasan bene, gumi yana ɗiga daga farin gashinsa. Ya san ranar da ya zaɓa.

"Barka da slava, kum," ya ce.

Gvozden ya sha kunu, ya dubi bango. "Desanka, ba baƙo alkama."

Na miƙa masa dafaffiyar alkamar da ake ba kowane baƙo. Ya ɗauki cokali, cokalin ya yi ta buga bakin kwano. Na ga yadda hannun yake rawa. Mijina bai gani ba, yana can yana gyara zaman kofunan da ba su karkace ba.

"Hukumar gari ta shirya mana wasan ƙarshe a dandali, Asabar ta sama," Milutin ya ce. "Ni da mai ganga muka rage, sauran biyun suna maƙabarta. Ga tsohuwar amfilifayata ta mutu. Na kai ta Belgrade, na kai ta Novi Sad, kowa ya ce ba ya taɓa kayan tarihi. Kai kaɗai ka taɓa yi mata aiki."

"Ka nemo sautin a cikin ranka mana. Ko ya ƙare ne?"

"Gvozden!" na daka masa tsawa. "A gaban kyandir?"

Milutin ya yi murmushi kawai. "Rai ya tsufa, kum." Ya sha ɗan kofin barasarsa, ya yi wa kowa sallama, ya bar amfilifayar a gefen tebur.

Kwana biyar mijina ya yi a kanta. Ya hau bene, ya sauka, ya sake hawa ya manta abin da ya kawo shi. Tsohuwar sifikar ta ƙone ƙurmus, ba ta da sauran tashi, jan farcena ya koma baƙi a kanta. Ya hau bas da kansa har garin Nish, wajen wani tsoho da ke da irinta guda ɗaya tak, sabuwa fil a kwali. Ya dawo da ita yana fito. Ban so wannan fiton ba.

"Zan gyara ta yadda ya kamata in gyara tun farko," ya ce. "Sai garin nan ya ji da kunnensa abin da ya shekara arba'in yana bauta wa."

"Wannan ba gyara ba ne, ramuwa ce."

"Haba, Desanka. Mutum ya kawo kaya, na mayar masa lafiya lau. Ina laifina?"

Na ƙara jin haushinsa.

Ranar Juma'a da safe aka yi gwaji a ɗakin taron gari, na bi shi don ban yarda da shi ba. Milutin ya jona jitarsa, ya kaɗa. Sauti ya fito tas, garau kamar ruwan famfo, kuma duk rawar da hannun nan yake yi sai da aka ji ta. Yatsa ya zame, an ji. Ya makara, an ji. A da gurnanin ne yake rufe komai, yanzu babu wajen ɓuya. Ya tsaya, ya sake farawa, har sau uku. Mai ganga ya sunkuyar da kai. Matan hukuma biyu da ke zaune a gaba suka soma kallon juna.

Milutin bai ko dubi amfilifayar ba, hannunsa ya tsura wa ido. "Ba laifinta ba ne, ta ma fi da kyau. Ni ne." Ya juya wajen matan. "Gobe ku sa faifai kawai. Ni sai in hau in ɗaga wa mutane hannu."

Na waiwayi mijina. Ga ranar da ya shekara talatin yana jira, an kawo masa har gabansa. Yana tsaye ƙiƙam, ko ƙafa ba ya kaɗawa, abin da ban taɓa gani ba. Can sai ya taka ya fizge wayar daga bango.

"Wa ya ce maka na gama? Kai dai da gaggawa, tun kana saurayi. Akwai abin da ban ɗaure ba."

A shago ya kwance murfin, ya ɗora tsohuwar sifikar a gefe, ya auna inda facin yake da rula, ya sake aunawa, ya sa alama da fensir a kan sabuwar. Ya riƙe sukudireba ya daɗe. Guda ɗaya ce, in hannunsa ya wuce wuri, shi ke nan.

"Desanka, kina da jan farce?"

"Ni da rabona da shafawa shekara goma?"

"To je ki sayo. Mai arha, shi ya fi bushewa da tauri."

Ina saukowa daga kantin na ji ƙarar sukudireba ta huda takardar sabuwar sifikar daga bakin titi. Da na shiga ban dubi fuskarsa ba, na ajiye masa kwalbar na fita.

Asabar da ƙarfe biyar na yamma dandali ya cika, har kan rufin motoci. Milutin ya kaɗa sau ɗaya, gurnanin ya tashi, jama'a suka ɗauki ihu. Rawar hannun ta shige cikinsa ta ɓace. Na yi kuka, na rera kowace waƙa da ƙarfi, ban rage murya ba. Gvozden yana can baya kusa da maɓuɓɓugar ruwa, yana kai-komo, hannuwa a aljihu.

Da aka tashi, Milutin ya ratsa mutane ya zo har inda muke. Ya tsaya gaban mijina yana mayar da numfashi.

"Facin farko ya fi ƙamshi, kum. Har muka isa Belgrade motarmu tana warin jan farcen Desanka."

Gvozden ya ce, "Ka sani?"

"Tun ranar Litinin ɗin na buɗe ta na gani. To me zan ce wa na talabijin? In ce Gvozden, wanda aikinsa ba ya dawowa, ya mayar min da kaya da faci? Sai na ce raina ne."

Mijina ya waiga hagu, ya waiga dama, kamar mai neman ƙofa. Sai ya zauna a kan dakalin maɓuɓɓugar, ya dafe gwiwoyinsa.

"Har yanzu dai ba ku iya kiɗa ba," ya ce.

"Na sani," in ji Milutin. "Matsa min in zauna."