Layar da Gwadabe Bai Ɗinka Ba

Duk Dukawuya ba wanda ya kai Gwadabe baduku hannu a ɗinkin laya, kuma ba wanda ya kai shi baƙin rai. Mutum ne gajere mai kaurin wuya, idan ka gaishe shi sai ya gama huda fatar da ke hannunsa kafin ya amsa. Gadon sana'ar ya yi, da rumfar da basillar duka. Ƙa'idarsa biyu ce tun daga kakansa: ba ya buɗe rubutun da malami ya naɗe, ba ya kuma tambayar mai laya abin da yake tsoro.

Matarsa ta rasu ta bar masa ɗa guda, Salihu. Yaron ya tashi zanƙalele, har abokan wasa suna tsokanar Gwadabe wai a ina ya aro shi. Tsawon nan ne ya ja shi ƙwallon kwando da ya shiga kwalejin horon malamai. Gwadabe bai ga abin yi a wasan ba.

"Ƙarti goma suna jefa tamaula a kwandon da ba shi da gindi," in ji shi. "Yaushe zai cika?"

Amma ƙwallon kwalejin ta fata ce, guda ɗaya tak, kuma duk sanda ta ɓarke Malam Mailafiya, malamin wasanninsu, rumfar Gwadabe yake kawo ta. A haka yaran suka saba da wurin. Su goma sha biyu ne a da, suna cika rumfar da surutu da warin zufa, yana korarsu suna dawowa.

Sai ƙasa ta rikice. A tarzomar 1966 suka rasa biyu, 'yan Gabas ne da aka haifa a Sabon Gari. Ɗaya an ce ya samu jirgin ƙasa, ɗayan kuwa har yau ba wanda ya faɗi inda ya kwana. Da yaƙi ya ɓarke a shekarar da ta biyo, aka shiga ɗaukar soja, kuma masu ɗaukar ba sa ƙin dogon yaro mai ƙarfin ƙirji.

Kasuwar Gwadabe ta buɗe yadda bai so ba. Ba uwar da za ta bar ɗanta ya tafi bakin daga jiki tsirara, sai da laya ko kambu ko guru. Saboda haka tun kafin Malam Mailafiya ya san wanda zai rasa, Gwadabe ya riga ya sani. Yaro zai zo shi kaɗai, ba dariya, ya durƙusa ya ajiye 'yar takarda a naɗe da zare. Bayan mako guda sai a neme shi a fili a rasa. Biyar suka tafi ta haka.

Bayan damina Malam Mailafiya ya zo da ƙwallo a hammata, yana lissafin gasar kwalejoji da za a fara bayan ƙaramar salla. Mutum ne da ko gida na ci da wuta zai ce ai an samu haske.

"Baba Gwadabe, bana fa muna da dama. Salihu yana ƙarƙashin kwando, Tanko yana rabon ƙwallo, ga sauran ukun nan ba laifi. Biyar cif. Sauran makarantun ma ai haka suke, kowa an kwashe masa."

"Idan ɗaya ya yi targaɗe fa?"

"Sai mu yi addu'a kada ya yi."

Gwadabe bai yi dariya ba, domin a gida an riga an yi magana. Salihu ya ce masa kunya ta ishe shi, sa'o'insa suna can bakin daga shi yana nan yana tsalle da gajeren wando. Uban ya yi faɗa, ya yi lallashi, da ƙyar ya samu alkawari ɗaya. Salihu ya ce ba zai watsa wa Malam ƙasa a ido ba. Muddin ranar gasa suna da biyar, zai tsaya ya gama shekarar. Idan babu biyar, to ba abin da ya riƙe shi.

Tun daga ranar, mutumin da ke zagin wasan ya koma tambayar lafiyar 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara musu takalma ba wanda ya roƙe shi. Har filin ya taka da ƙafarsa wata la'asar, ya tsaya daga nesa yana ƙirga kawuna.

Ana haka Tanko ya zo shi kaɗai.

Tanko ɗan Dije ne mai ƙosai ta wajen Ƙofar Mata, namiji ɗaya bayan mata huɗu, uban ya daɗe da rasuwa. Ya durƙusa, ya ajiye takarda naɗe da jan zare.

"Baba, Inna ce ta karɓo. Ta ce kai za ka ɗinka, ba ta yarda da hannun kowa ba."

Gwadabe ya dubi takardar. Ya jefa ta a akwatin kayan aiki ya ce a dawo jibi.

A nan ne ya yi wautar da ta bi shi har kabari. Ya lissafa cewa Dije ba za ta saki ɗanta ba laya ba, kuma masu ɗaukar soja ba sa jiran kowa. Idan ya ja yaron mako biyu ko uku, wannan zubin zai wuce, azumi ya shigo, salla ta zo, a buga gasa. A ganinsa ma taimakon Dije yake yi. Da jibi ta zo ya ce jar fatar ta ƙare, alhali ga ta nan rataye a bayansa. Aka sake dawowa ya ce zaren bai yi masa ba. Zuwa na huɗu Salihu yana rumfar, ya dubi fatar, ya dubi ubansa.

Tanko yaro ne mai kunya, ba zai iya cewa dattijo ya ba shi abinsa ya kai wani wuri ba. Ranar da motar masu shiga soja za ta tashi ya biyo da sassafe, Gwadabe ya hango shi ya shige masallaci ya ƙi fitowa. Da Gwadabe ya fito yaron ya riga ya tafi. Tanko bai fasa tafiyar ba, ya dai gaya wa uwarsa an ɗinka, tana ɗaure a damtsensa cikin riga.

'Yan wasan suka koma huɗu. Malam Mailafiya ya bi aji-aji yana neman na biyar, ya samu wani mai ciwon ƙirji da ya yi kwana biyu ya gudu. Salihu ya ci gaba da zuwa fili saboda alkawari, amma ya daina cin abinci tare da ubansa.

Horon soja a lokacin bai wuce 'yan makonni ba. Azumi na da kwana ashirin labari ya iso cewa an harbi Tanko a wata mashigar kogi, kwanansa tara da isa.

Bayan sadakar bakwai Dije ta zo rumfar da kanta. Ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Salihu yana zaune a gefe yana ba ƙwallo iska.

"Malam Gwadabe, godiya na zo yi. Ajali ba ya jin laya, na sani. Amma abin da ke sanyaya mini rai, na yi masa iyakar abin da uwa za ta yi. Ya tafi da ita a jikinsa."

Akwatin da takardar take ciki yana gaban gwiwarsa, ko taku ɗaya babu tsakaninsa da Dije. Gwadabe ya dubi akwatin. Idan ya faɗa ya ƙwace mata ɗan abin da ya rage mata, idan ya yi shiru ya ci amanarta karo na biyu.

"Allah ya jiƙansa," kawai ya ce.

Malamai sun sha gaya masa daga baya cewa takarda ba ta tare harsashi, kwanan yaron ne ya ƙare. Ya yarda da su da baki. A zuciyarsa kuwa bai taɓa daina jin cewa shi ya tura ɗan mutane tsirara ba.

Ba a buga gasar ba a shekarar, don makarantu uku ne kawai suka iya haɗa biyar. Kwana biyu bayan salla Salihu ya zo rumfar da hantsi, da 'yar jakarsa a kafaɗa. Ya durƙusa ya nemi gafara da albarka, kamar yadda ɗa yake yi. Gwadabe ya miƙa hannu yana jiran takarda, idonsa ya cika, ya riga ya zaro fatar da ta fi kowace kyau.

Salihu bai ba shi komai ba. Da ya ɗaga jakar hannun rigarsa ya zame, sai ga sabuwar laya a damtsensa. Ɗinkin ya karkace, hudar ta yi nisa da juna, aikin wani mai koyo ne a bakin kasuwa. Ko damina ɗaya ba za ta yi ba.

"Kawo in gyara maka," in ji Gwadabe. "Yanzun nan, kana tsaye."

"Bar shi, Baba. Motar ba ta jira."

Ya sauke hannun rigar, ya bi lungu ya fita.